Abin da Kowannenmu Ya Ɓoye a Rijiyar Tarka

Ina da shekara talatin da ɗaya na fara shiga rijiya. Kafin nan magini ne ni a Tanut, ina jera bulo ina shafe, har shekarar da damina ta ƙi, gine-gine suka tsaya cak, domin masu sa mu aikin su ma hatsi suke nema. Wani maƙwabcinmu ya ce mini akwai wani dattijo daga wajen Gangara da ke neman wanda ya san siminti, zai tafi haƙar rijiya a kwarin Tarka, arewa da Belbeji. Na same shi a tasha yana ɗaure buhuna bisa kamiyo, babbar motar kaya. Bai tambaye ni ko ɗan wane ne ni ba. Hannuna ya kama ya juya tafin, ya dubi kantar da ke ciki, ya ce in hau.

Mu biyar ne a shantiyen, wato wurin aikin. Akwai shi dattijon, wanda kowa ke ce wa Maigida, gwiwoyinsa sun riga sun hana shi shiga rami, daga sama yake ba da umarni. Akwai wani Babarbare sa'ana, mai yawan raha da shan taba. Akwai wani mutumin Falanko, siriri, mai ƴaƴa huɗu, wanda ba ya magana sai an tambaye shi, amma idan ya riƙe dagi a ƙasan rami ba wanda ya kai shi. Sai wani Ba'abzine da bai taɓa sauka ba ko sau ɗaya. Shi ke kula da ƙarfen murɗa igiya, wanda ke saukar da mu yana kuma fito da ƙasa a cikin rabin tano, wato gangar ƙarfe da aka yanka biyu.

Aikin ba shi da wuyar bayani. Mutum ɗaya zai sauka ya haƙa, a riƙa janye ƙasar, idan an samu kamar rabin gaba sai a saukar da ƙarfen zubi a kewaye bango, a zuba siminti, a bari ya kama, sannan a ci gaba. Abin da ke da wuya shi ne sanin lokacin da za a daina haƙa a zuba, domin wata ƙasar tana jira, wata ba ta jira. A satina na farko na tambayi Maigida yadda yake ganewa. Ya dube ni ya ce, “Kana da ido?”

Na ce, “Ina da shi, Maigida.”

Ya ce, “To.”

Iyakar karatun ke nan. Da rana muna cin tuwo Babarbaren ya ce mini in daina wahalar da bakina. Ya ce, “Aboki, nan ba lakwal ba ce da malami zai tsaya ya koya maka. Idan na juye maka abin da ke kaina, baɗi kai za a kira, ni in zauna gida ina kora kaji.” Da dariya ya faɗa, amma ba wasa yake ba. Na lura kowa yana da abin da ya iya shi kaɗai, yana kuma juya baya idan zai yi shi. Mutumin Falanko yana da yadda yake wasa bakin dagi, sai ya je bayan tanti yake yi. Ba'abzinen yana da wani ƙulli da ba ya zamewa, yana rufe shi da hannun riga idan yana ɗaurawa. Ban daɗe ba ni ma na bi sahu. Na san yadda ake kwaɓa siminti kada zafin bazara ya tsattsaga shi, sai na riƙa auna tsakuwa da ruwa tun kafin su gama alwala, don kada wani ya ƙirga.

Wurin da muke haƙar fili ne fetal, sai aduwa ɗai-ɗai. Bazara ta yi tsanani a shekarar. Makiyaya, Fulani da Abzinawa, sun ji labarin ana haƙa, suka yi ta zuwa suna sauka kewaye da mu da dabbobinsu, domin rijiyar da suke shayarwa tana da nisan yini, kuma ta fara ja baya. Kowace safiya sai dattawansu sun zo sun leƙa ramin, su ɗebi ƙasar da muka fitar su murza a hannu, su ajiye, su koma. Shanun da suka kasa tashi a nan suke kwanciya. Idan iska ta juyo daga yamma, warinsu muke shaƙa da abinci.

Da muka wuce gaba ashirin da biyar ƙasa ta sauya. Jar marmara ta ƙare, muka shiga wani yumɓu mai toka-toka, mai sanyi a hannu. A wannan zurfin, idan ka ɗaga kai, bakin rijiya bai fi faifai ba. Wata safiya ina ƙasa, ban yi sara ashirin ba na ji numfashina yana sauri kamar wanda ya yi gudu. Kaina ya yi nauyi, wani tsami ya taru a bayan harshena, zuciyata tana bugawa har cikin kunne. Na jingina da bango na huta, na sake ɗaukar dagi, abin ya dawo. Da kyar na cika tano shida na buga a fitar da ni.

Babarbaren ya miƙo mini hannu a bakin rami ya ce, “Lafiya, magini?”

Na ce, “Lafiya lau.”

Kwana kaɗan kafin nan sun yi mini dariya don na ce igiya tana juya ni, suka ce wanda ya saba da kan katanga ƙasa ba ta karɓarsa. Ban so a ƙara ba. Na zauna a inuwa, ciwon kan ya tafi, na ce wa kaina zafi ne. Washegari ban ji komai ba. Bayan kwana biyu abin ya dawo, ya fi na farko. Nan ma na yi shiru.

A cikin kwanakin ne Ba'abzinen ya ɓullo da wata sabuwar ɗabi'a. Duk wanda zai sauka, sai ya zo da wata siririyar igiya ta daban ya ɗaura masa a ƙirji ta ƙarƙashin hammata. Muka tambaye shi ta mece ce, ya ɗaga kafaɗa. Igiyar tana hana mutum sakewa, don haka da mun isa ƙasa sai mu kwance ta mu rataye a bango.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana da takan kawo mana ɗan nonon da ta samu, mu ba ta shayi da sukari. Ita da Babarbaren ba su taɓa haɗuwa ba su tsokani juna ba, kamar yadda Fulani da Barebari suka gada. Wata rana ta tsaya nesa da bakin ramin, ta ƙi matsowa, ta ce masa, “Kai, ka gaya wa mutanenka. Bayan tudun can akwai wata tsohuwar rijiya da iyayenmu suka bari. Idan hadari ya haɗu numfashi take yi. Tsuntsu ma ba ya wucewa ta kanta.”

Babarbaren ya ce, “Inna, ku Fulani ko tulu kuka gani a ajiye sai ku ce yana numfashi. Kawo nonon nan in gani ko ba ki cika shi da ruwa ba.”

Ta ce, “Ina na ga ruwan da zan zuba, kai da ka yi wata uku kana haƙa ba ka samo ko ɗigo ba?”

Muka kwashe da dariya. Maigida ne kaɗai bai yi ba. Na ga ya ajiye kofin shayinsa bai shanye ba, ya tashi ya je ya tsaya yana kallon gabas. Ya daɗe a tsaye, ya dawo ya zauna.

Ranar da abin ya faru, mun tashi da hadari a gabas, baƙi ƙirin, amma ko ganye ba ya motsi. Gumi yana zuba tun kafin rana ta fito sosai. Ni ne da saukar farko. Na tsaya a bakin ramin na leƙa, sai na ja da baya. Ban san abin da nake tsoro ba, na dai san ba na son komawa cikin wancan nauyin. Na ce wa Maigida, “Kwaɓin jiya bai yi mini ba, bari in duba tsakuwar nan kafin rana ta yi.” Ƙarya ce, kwaɓin ba abin da ya same shi. Maigida ya gyaɗa kai. Mutumin Falanko ya tashi ya tuɓe rigarsa, ya ninke ta ya ɗora bisa buhu, ya shiga tano ba tare da kowa ya ce masa ya shiga ba. Ba'abzinen ya ɗaura masa siririyar igiyar. Suka fara saukar da shi.

Al'adarmu ita ce, idan mutum ya isa ƙasa ya fita daga tano, sai ya buga shi da dagi sau biyu. Igiya ta saki, alamar tano ya taɓa ƙasa. Muka saurara. Ina durƙushe a gaban tsakuwa ina yin kamar ina tsince ta, kunnena yana can. Ba a buga ba.

Maigida ya kwanta da ciki a bakin ramin ya kira shi. Muryar ta tafi ta dawo. Ya sake kira. Babarbaren ya yar da tabarsa ya kama babbar igiya zai zame ya bi shi, sai Maigida ya miƙe da wani sauri da ban taɓa ganin ya yi ba, ya shaƙe masa wuyan riga ya fizgo shi baya har suka faɗi tare.

Ya ce, “Wanda ya shiga, gawa biyu za mu fitar! Ku ja ƙaramar!”

Ba'abzinen ya riga ya kama ta. Da ya ja sai ya ji nauyi, wato mutumin bai kai ga kwance ta ba. Muka rufu a kanta mu huɗu. Makiyaya suka ji ihu suka sheƙo, suka kama bayanmu. Maigida yana ta cewa a ja a hankali kada kansa ya bugi bango. Igiyar ta yanke mini tafin hannu, ban sani ba sai daga baya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Da ya fito kansa a langaɓe yake, fatar goshinsa ta goge, leɓɓansa sun yi baƙi, kumfa a gefen baki. Muka shimfiɗe shi a ƙasa. Wani dogon Bafillace ya sa kunne a ƙirjinsa ya ce yana nan. Can sai ya ja wani numfashi mai ƙara kamar ana jan ƙarfe bisa dutse.

Salula ba ta kamawa sai bisa tudu. Babarbaren ya ruga can ya kira wani mai mota a Belbeji, aka zo aka ɗauki mutumin Falanko zuwa likita, Maigida ya bi su. Mu uku muka rage. Hadarin ya watse da azahar, ko ɗigo bai sauka ba. Rigar mutumin tana nan a ninke bisa buhu, ba wanda ya taɓa ta.

Bayan kwana uku Maigida ya dawo. Ya ce mutumin ya farfaɗo, ya gane matarsa, amma harshensa ya yi nauyi, hannunsa na dama yana rawa. Muna zaune a gindin aduwa bayan la'asar. Ba'abzinen yana dafa shayi, sai ya yi magana, idonsa a kan garwashi.

Ya ce, “Ni na ga abin tun kwana goma. Ina ƙirga tanon kowa da tasbaha. Wanda ke cika goma sha biyu ya koma bakwai. Kuma duk wanda ya fito, bakinsa baƙi ne. Shi ya sa na kawo igiyar.”

Babarbaren ya ce, “To me ya hana ka faɗa?”

Ya ce, “Ni da ba na shiga rami? In gaya wa masu shiga abin da ke cikin rami? Da me za ku ce mini?”

Dukanmu mun san da dariya za mu yi masa. Babarbaren ya zaro ashana daga aljihu ya juya kwalin a hannu. Ya ce shi ma kwana biyar ke nan idan ya so kunna taba a ƙasa, ashana sai ta yi tartsatsi ta mutu. Ya ɗauka sanyin yumɓu ne ya jiƙa ta, amma da ya fito sama sai ta kama. Ya ce ya yi niyyar faɗa, sai ya tuna Maigida ya hana shan taba a rami.

Suka juyo suna kallona. Na faɗi ciwon kan, da tsamin baki, da bugun zuciya. Daga nan na so in tsaya, amma bakina ya ci gaba. Na ce ranar nan ni ne da sauka, kuma ba abin da ya sami kwaɓin. Na ce tsoro ne ya hana ni, na bar wani ya shiga a madadina, ban ce masa komai ba. Na jira a zage ni. Ba'abzinen ya zuba shayi ya miƙo mini kofin farko.

Maigida ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce tun yana saurayi, a hannun kawunsa, ya ga an fitar da mutum biyu daga wata rijiya a kudancin Damargu, na biyun ya bi na farkon ne don ya cece shi. A ranar kawun ya gaya masa cewa akwai ƙasar da ke fitar da muguwar iska idan hadari ya haɗu, iskar da ba ta da launi, mai kwanciya a ƙasan rami kamar ruwa, wadda ke kashe wuta kafin ta kashe mutum. Sau ɗaya ya faɗa masa, bai ƙara ba. Maigida ya ce da tsohuwar ta yi maganar nan, abin da ya tuna ke nan. Ya yi ta jira ko wani cikinmu zai fito ya ce ya ji wani abu, sai ya ga kowa yana cewa lafiya lau.

Ya ce, “Ni na hana ku tambaya. Sai ga shi ni ma na rasa bakin da zan tambaye ku. Ga kuma mutanen nan da shanunsu suna kallona kullum.”

Da a ce mun zauna ko sau ɗaya kowa ya ajiye nasa guntun a tsakiya, tasbahar Ba'abzine, da ashanar Babarbare, da kaina, da maganar tsohuwa, da abin da Maigida ya gani yana saurayi, da ko makaho ya gane. Duk abin da ake bukata yana wurin, a tsakanin mutum biyar masu ci a kwano ɗaya.

Washegari da safe Maigida ya hana a taɓa igiya. Ya sa aka shimfiɗa tabarma kusa da bakin ramin, ya ce daga yau ba mai sauka sai kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani ko ya ji jiya, komai ƙanƙantarsa, kuma wanda ya yi wa wani dariya ya ɗauki jakarsa. Abin bai zo mana da sauƙi ba. Kwanakin farko sai mu zauna muna kallon ƙasa kamar masu zaman makoki. Babarbaren ya ce shi jiya ya ga yumɓu, shekaranjiya ma yumɓu. Maigida bai yi murmushi ba, ya ce, “Wane iri? Yana manne wa dagi ko yana ɓarewa?” Dole ya tsaya ya tuna. Daga nan aka fara samun magana.

Maigida ya nuna mana abin da ya sani. Kowace safiya a kunna fitilar ƙwai a saukar da ita har ƙasa, mutum biyu su kwanta suna kallo. Idan ta mutu ko ta yi ja, ba mai sauka. Sai a ɗaura tabarma a buɗe, a riƙa saukar da ita ana fizgowa, har sai an kaɗa iskar ta fito, a sake gwada fitila. Ranar farko da muka gwada, gari garau, fitila ta kai ƙasa tana ci. Rana ta huɗu, da gajimare ya taru, muna kallonta tana sauka, tana ƙanƙancewa, saura kamar gaba biyu ta isa sai ta mutu kamar an hure ta. Ba'abzinen ya janyo ta, ya taɓa gilashin, da ɗuminsa.

Shi ma ya zaunar da mu ya koya mana ƙullinsa, ya kama yatsun kowa yana lanƙwasawa har muka iya. Ni kuma na kwaɓa siminti a gabansu, ina auna komai da ƙarfi, na nuna musu yadda ake lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Babarbaren da kansa ya je rugar tsohuwar, ya durƙusa ya ce, “Inna, na zo ki kai mu rijiyar nan.” Ta ce sai yanzu ya san tana da hankali. Ta ja mu har bayan tudun. Wani rami ne da aka rufe da itatuwa tun da daɗewa, rairayi ya binne rabinsu, sai wata ƴar kafa da ta rage. Ƙananan ƙasusuwa sun warwatsu kewaye da ita, na tsuntsaye da na ƙadangaru. Tsohuwar ta zare zare ɗaya daga bakin zanenta, ta miƙa hannu ta riƙe shi a saman kafar. Babu iska ko kaɗan a filin, amma zaren ya ɗaga sama ya tsaya yana rawa. Ta ce mu matsa baya, muka matsa.

Maigida ya ɗauko wani mutum daga Belbeji ya maye gurbin mutumin Falanko, magidanci ne da ya yi shekaru a ramukan zinariya na arewa. Kwana biyu yana zama a tabarmar safe bai ce komai ba, yana ganin abin kamar wasa. A rana ta uku Maigida ya matsa masa, sai ya ce, da kunya, jiya ya ji wani ɗan ƙara a bayan bango, kamar ɓera yana cin hatsi. A can inda ya fito, idan aka ji haka fita ake yi. Maigida ya tsayar da aiki. Dattawan makiyaya suka zo, wani cikinsu ya nuna mana saniyarsa da ta kwanta da safen nan, ya ce ko mun san kowace rana da muka zauna nawa ke mutuwa. Maigida ya ce ya sani. Muka zauna yini biyu muna sauraren rami. Ba abin da ya faru. Da aka sauka aka duba, bango lafiya lau. Mutumin Belbejin ya rasa inda zai sa kansa, ya ce shi ba zai ƙara buɗe baki ba. Maigida ya ce masa a gaban kowa, “Gobe ma idan ka ji, ka faɗa. Ni zan tsaya gaban masu shanu, ba kai ba.” Har yau ban san ko akwai wani abu a bayan bangon nan ba.

Mun sami ruwa a gaba talatin da huɗu, ni ne a ƙasa. Rairayi ya fara yin duhu, sannan ya fara manne wa ƙafata. Na cika tafin hannu na sa a tano na buga. Daga sama na ji guɗar matan Fulani tana saukowa kamar daga wata duniya. Na yi murna, amma ko a lokacin idona yana kan fitilar da ke rataye kusa da gwiwata.

Na je Falanko bayan damina na gai da mutumin. Yana zaune a ƙofar gida yana tufka igiya da hannu ɗaya da yatsun ƙafa. Na gaya masa gaskiyar ranar nan. Ya saurara har na gama, sannan da nauyin harshensa ya ce shi ma kwana uku yana jin abin kafin ranar, bai faɗa ba. Ya sa aka kawo mini fura. Bai sake shiga rijiya ba.

Amma tun kafin mu kwashe kaya daga Tarka, muka ji labarin wasu mahaƙa sun fara wata rijiyar a gabas da mu, tafiyar rabin yini a amalanke, cikin kwarin nan dai. Maigida ya ce in raka shi. Shef ɗinsu, wato shugaban aikin, mutum ne mai ƙarfi, bai kai Maigida shekaru ba. Ya karɓe mu da mutunci, ya sa aka dafa shayi. Maigida ya ba shi labari tun daga farko, bai rage komai ba, har da nasa laifin. Mutumin ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, “Allah ya saka da alheri, Baba. Amma ni na haƙa daga nan har iyakar Agadas, ban taɓa saukar da fitila ba. Idan na fara wannan, mutanena tsoro zai kama su.” Mutanen nasa suna zaune a bayansa su shida, ba wanda ya ɗaga kai. Na dubi tudun ƙasar da suka fitar, samansa ya fara yin toka-toka. Muka yi sallama. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙarfensu na murɗa igiya ya fara kuka, ana saukar da wani.

Bayan kwana uku, muna loda kamiyo da hantsi, sai ga mutum tafe a ƙasa daga gabas. Ɗaya daga cikin shidan nan ne, mai furfura a gemu. Ya ce ya gaya wa shef ɗinsu cewa zai je ganin ɗan'uwansa a wata ruga. Ya sha ruwa, ya duba hagu da dama, ya ce mu nuna masa yadda ake yi da fitilar. Muka kai shi bakin rijiyarmu, Babarbaren ya nuna masa saukarwa, Ba'abzinen ya kama yatsunsa ya koya masa ƙullin, ni na gaya masa yadda abin ke fara wa mutum a kai da harshe. Da na zo kan tsamin baki sai ya kau da ido. Maigida ya ba shi fitilar da siririyar igiyar. Ya naɗe su cikin rawaninsa ya cusa a ƙarƙashin riga, ya ce zai riƙa gwadawa lokacin da shef ya tafi salla, idan ya samu wanda zai riƙe masa igiya bai kai ƙara ba.

Muka tsaya muna kallonsa har tudu ya ɓoye shi. Daga baya, a kasuwar Belbeji, na ji an ce mahaƙan nan sun bar rijiyar ba su kai ga ruwa ba, sun rufe bakinta da ƙaya sun tafi. Na tambayi mutum uku dalili, ko fitilar ce ta tsayar da su ko wani ne ya sauka bai fito ba, kowa ya ce shi ma iyakar abin da ya ji ke nan.